Shekarar da Na Yaye 'Ya'yan Malet

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo tsakaninku, ke Fa'iza da ƙanenki Kabiru, kuna tsammanin ba ta iso kunnena ba. Kuna cewa kifin Mama ne ya cinye gwiwoyin Baba. Na ji ta tun yana raye, na sake jin ta ranar sadakar bakwai ɗinsa, a kicin ɗin gidanmu, kuna faɗa da Turanci ƙasa-ƙasa kamar ba a cikin Turancin na tsufa ba. Ban tanka ba a lokacin, domin gida cike yake da masu gaisuwa. Yanzu hannuna ya fara rawa, jikokina kuma sun isa tambaya, gara in faɗa muku yadda abin ya gudana, tunda ni kaɗai na rage cikin mu biyun da muka yanke shawarar.

Kun san 'yar Yawuri ce ni, mahaifina masunci ne, a gefen kwalekwale na yi rarrafe. Abin da ba ku cika tunawa ba shi ne na yi karatun kiwon kifi, kuma kafin mu baro gida na yi shekaru ina aiki a wurin ƙyanƙyasar kifi na gwamnati. Aikina shi ne abincin 'ya'yan tarwaɗa da na karfasa, tun suna kamar gashin ido har su kai yatsa. Ni ke auna dusa da garin kifi, ni ke niƙawa, ni ke tankaɗewa, ni ke tsayawa bakin tanki in ga wanda ya ci da wanda ya ƙi. Da mahaifinku, Malam Nasiru, ya dace da bizar ƙuri'a muka taho Greensboro saboda akwai 'yan gida a nan, na saka takarduna a ƙasan akwati da tunanin wata biyu zan yi in fito da su. Muka kama ɗaki a bayan titin da yanzu ake kira Gate City Boulevard, lokacin sunansa High Point Road. Takardun nan babu wanda ya taɓa neman gani. Na shiga aikin kula da tsofaffi a wani gida wajen Sedgefield, ina ɗaga su, ina yi musu wanka, ina ba su abinci a baki. Malam yana jan tasi da safe, da yamma ya zauna a masallaci yana koya wa yaran mutanenmu karatun Alƙur'ani. Wannan zaman na yamma shi ne ransa. Yana kuma da ciwon suga tun kuna firamare, kuma allurarsa da ganin likitansa duk a kan inshorar wurin aikina suke. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya rataya.

Cikin tsofaffin da nake kula da su akwai wata Misis Loretta, baƙar fata, mutuniyar bakin teku, wadda mantuwa ta kama. Mijinta, Mista Tolliver, manomi ne a kudancin gari, kullum da tsakar rana yana nan da 'yar jakarsa, ya zauna ya taje mata gashi. Ranar farko da na tsaya kusa da shi na ji wani wari a jikin rigarsa wanda na yi shekaru ban ji ba. Warin abincin kifi ne, wanda mansa ya fara tsufa a buhu. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

“Kifi kake kiwo?” na tambaye shi. “Abincin da kake ba su ya kwana biyu a wuri mai zafi.”

Ya dube ni daga sama har ƙasa, sannan ya fashe da dariya har matarsa ta taya shi ba tare da ta san dalili ba.

“Baiwar Allah, da hanci kika gano wannan?”

Daga ranar kullum sai mun taɓa hira. Ubansa taba ya noma, shi ma taba ya noma, da noman taba ya mutu sai ya jera tankuna a cikin rumfar da suke busar da ganye, yana kiwon karfasa yana kai wa shagunan 'yan Asiya da na 'yan Afirka. Amma abin da ke cin ransa wani kifi ne da suke kira malet, kifin bakin teku mai jiki kamar azurfa, wanda yake iya zama a ruwan gishiri ya kuma saba da ruwan daɗi in an bi shi a hankali. Da shi aka raini matarsa. Kowane lokacin sanyi sai ya sayo 'ya'yan daga hannun wani mai izinin kamawa a gaɓar teku, kafin sanyi ya wuce sun mutu. Ba sa cin abincin da yake zuba musu. Ya ce min ya canza kamfani ya canza kamfani, duk ɗaya.

Misis Loretta ta rasu da kaka. Bayan an yi makoki Mista Tolliver ya kira ni ya ce in zo in ga gonar ko sau ɗaya ne. Malam ne ya kai ni ranar wata Lahadi. Muka bar kwalta muka shiga hanyar tsakuwa, ga rumfa ta katako da jan kwano, a ciki injin hura iska yana ta gunji, ruwa yana tafasa a tankuna kamar tukwane. Na cire agogona na ba Malam, na naɗe hannun riga, na zura hannuna cikin ruwan har gwiwar hannu. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina zagaya tankunan ina tambayoyi ba. Kafin mu tafi Mista Tolliver ya ce in ina so in zo mu yi aikin tare daga farkon sanyi, in riƙe ɓangaren malet gaba ɗaya, in abin ya yi kyau ina da kaso a ciki. Ya faɗa min gaskiya, albashin bai kai wanda nake samu ba, kuma ba shi da halin yi min inshora. A mota na ce wa Malam wuri ne mai kyau, Allah ya taimaki tsohon. Shi kuwa ya ci gaba da tuƙinsa har muka iso gida.

A cikin satin nan kuma wurin aikina suka ce za su ba ni shugabancin ɓangare, in huta da ɗaga mutane, in koma rarraba aiki. Kowa ya ce Allah ya amsa addu'a. Anti Ramatu, maƙwabciyarmu 'yar Tawa, wadda ta goya Kabiru fiye da yadda na goya shi, ta ji labarin kifin daga bakinki, Fa'iza, ta hawo bene ko sallama ba ta ƙarasa ba.

“Kulu, lafiyarki kuwa? A ba ki kujera da biro ki ce ke sai ruwa? Asurans ɗin Malam fa? In suga ya tashi aka kai shi lopital, da kifi za ki biya su?”

Inshora da asibiti take nufi, da Hausarsu ta Tawa. Na ce mata ai ban ce zan tafi ba. Kuma da gaske nake. Na riga na gaya wa raina cewa wannan ƙofar ba tawa ba ce, na kira Mista Tolliver na ba shi haƙuri. Ya ce ya fahimta, amma ba zai nemi wani ba sai sanyi ya shigo.

Bayan kamar sati biyu na dawo daga aiki da la'asar na tarar da Malam a falo, lokacin da ya kamata a ce yana masallaci. A gabansa akwai wasu takalma baƙaƙe masu ƙarfe a baki, da riga mai ruwan ɗorawa irin ta ma'aikatan sito. Yana zaune yana zura igiyar takalmin a hankali kamar mai jan carbi.

“Malam, na waye waɗannan?”

“Nawa ne. Na samu aiki a wani sito a Wendover. Suna ba da inshora, ni da ke da yara. Na tambaya sau biyu, har allurar tana ciki.”

Na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Na ce masa ya kusa sittin, aikin nan tsayuwa ne a kan siminti da ɗaga kwalaye tun safe. Na ce masa yaran masallaci fa. Ya ce ya yi magana da liman, wani matashi zai riƙe ranakun aiki, shi ya koma Asabar da Lahadi. Da ya faɗi wannan muryarsa ta ɗan sauka, na gane nan ne ya fi yi masa ciwo, ba kwalayen ba.

“Ban roƙe ka ba,” na ce. “Na riga na ce wa mutumin a'a.”

“Na sani. Da kin roƙa ma da abin ya fi min sauƙi.” Ya ajiye takalmin. “Kulu, tun da muka sauka ƙasar nan ke ke ɗauke da maganina a bayanki. Ni na samu abin da nake so ina yi kowace yamma, ke kina wanke tsofaffin mutane, ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba, ni kuma na ɗauka shirun nan yarda ce. Ranar da kika sa hannu a ruwan can na ga fuskar yarinyar da na aura. Na manta ma kina da ita. Ba zan iya yin kamar ban gani ba.”

Ga abin da nake so ku ji da kyau. Bai tilasta ni ba, ni ma ban tilasta shi ba. Ina da damar in ce ya mayar da takalman nan, in karɓi kujerar da aka ba ni, kuma da na dage da ya mayar. Na yi kwanaki ina istihara, ina kallonsa yana fita da safe cikin rigar ɗorawa. Na san shekarunsa, na san ciwonsa. Da idona biyu na karɓi abin da ya miƙo min, domin ina so, kuma domin na san zan iya. Na ajiye aiki da sanyi ya kama.

'Ya'yan malet ɗin suka iso cikin manyan robobi, kowanne bai wuce rabin ɗan yatsa ba, siriri, yana walƙiya kamar allura. Na bi ƙa'idar da na sani. Na rage musu gishirin ruwa kaɗan-kaɗan har jikinsu ya saba. Na fara da abinci mai rai, wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande da ake ƙyanƙyashewa daga ƙwai a ruwan gishiri, suka ci kamar ba gobe. Amma wannan abincin tsada gare shi, babu manomin da zai iya riƙe kifi da shi har ya girma. Dole a yaye su, a mayar da su kan abincin da hannu ya haɗa, kuma a nan ne kullum suke mutuwa. Na ga ƙwayoyin da Mista Tolliver yake zuba musu sun fi bakinsu girma, na niƙa, na tankaɗe da lallausar rariya, na riƙa barbaɗawa a saman ruwa kaɗan-kaɗan tun safe har yamma, kamar yadda na yaye dubban 'ya'yan tarwaɗa a gida. Suka zo suka shinshina suka wuce. Garin ya nutse ya ruɓe a ƙasa, ruwa ya fara wari, na riƙa zuƙe dattin da tiyo ina canza ruwa har bayana ya ƙage. Sai suka fara ramewa, kai ya fi jiki, suna iyo a karkace. Kowace safiya da 'yar koma nake fara aiki, ina kwashe matattu. Na yanka wasu na duba a madubin ƙara girma, hanjinsu fayau, babu komai. Yunwa ce ke kashe su a cikin ruwan da abinci ke yawo. Kafin wata ya cika, tankunan da suka zo cike sun koma ruwa zalla.

A daidai lokacin ne gwiwoyin Malam suka fara kumbura. Yakan dawo ya zauna a bakin gado, in dafa ruwa in gasa masa, in shafa man zafi, ya yi sallar magariba yana cije leɓe wajen tashi daga sujada. Ke Fa'iza kina shekarar farko a karatun jinya, kin dawo hutun ƙarshen mako kika tarar ina gasa masa. Kika jira na fito kicin kika rufe ƙofa. Da Hausa kika fara, da ranki ya ɓaci kika koma Turanci.

“Mama, kifin sun mutu. Kabiru ya gaya min duk sun mutu. Baba yana ɗingishi saboda abin da babu shi. Ki kira su a wurin aikinki, za su karɓe ki gobe. Wannan son kai ne.”

Ban mare ki ba, ban kuma yi miki tsawa ba, ko da yake a gidan da na tashi da an yi duka biyun. Na san tsoro ne ke magana a bakinki, kuma rabin abin da kika faɗa gaskiya ne, za su karɓe ni. Washegari Lahadi, bayan ya dawo daga wurin yaransa na masallaci, na kai masa shayi na ce masa ina ganin in koma. Ya hura shayin ya kurɓa.

“Kin gano abin da ya kashe su?”

“Yunwa. Amma ban gano abin da ya hana su ci ba.”

“To ki je ki gano. In kin gano kika ga ba shi da magani, ki dawo, ni da kaina zan kai ki wurin tsofaffin. Amma kar ki sa ni in yi tsayuwar nan a banza, ki dawo min da ban sani ba.”

Da wannan maganar na koma gona ranar Litinin, kuma ban koma da niyyar gwaji ba, na koma da niyyar sai na ga ƙarshensa.

Akwai wani ƙaramin tanki a bakin ƙofar rumfar, inda rana ke shigowa. A ranar da kifin suka iso robobi sun yi mana yawa, muka juye ragowar a ciki. Da yake yana gefe, ba ya samun wankin da sauran ke samu, bangonsa ya yi kore shar da gansakuka, ƙasansa da ɗan yashi da iska ke kwasowa. Ina shirin zubar da ruwansa ne na ga motsi. 'Yan kaɗan ne, ba su cika tafin hannu biyu ba, amma ɓul-ɓul da su, cikinsu a cike. Na jawo bokiti na kife na zauna. Na yi wunin nan ban yi wani aiki ba sai kallo. Ko sau ɗaya ba su ɗago sama neman abinci ba. Kansu a ƙasa yake, suna bin bango suna kankara da leɓe, su tsotsi ƙasa su furzar, su sake tsotsa, kamar tumaki a fadama. Na kama ɗaya na yanka. A cikinsa na tarar da wani ɗan ƙulli mai tauri kamar ƙundun kaza, cike da kore da ƙwayoyin yashi. Na taɓa karanta wannan a makaranta, layi biyu a littafi, game da kifin da ban taɓa gani ba. Ashe a girman da suke zuwa mana sun riga sun fara barin farauta a tsakiyar ruwa sun koma kiwo a ƙasa. Ni kuwa ina ta yi musu hidimar tarwaɗa, mai hawowa sama da baki buɗe, kuma muna goge bangon tankuna tas saboda tsabta, muna share musu akushi.

Na kira Mista Tolliver na nuna masa ƙundun a kan yatsana. Ya sa tabarau ya duba, sannan ya ce Loretta takan soya wannan abin dabam ta ba shi, bai taɓa tambayar kansa me kifin ke niƙawa da shi ba. Na ce masa ina son a sake sayo wasu. Ya ce lokacin kamawa ya kusa wucewa, kuma asarar bana ta ishe shi. Na ce masa in ya jira baɗi ba zai same ni ba, domin akwai mutumin da ke tsaye a kan siminti saboda wannan aikin, ba ni da shekarar da zan ba kowa. Ya cire hularsa ya sosa kai, ya shiga gida ya buga waya.

Kafin su iso na mayar da kicin ɗinmu wurin gwaji, Kabiru zai tuna, shi da ya riƙa cin abincinsa a baranda cikin sanyi saboda wari. Abin da nake nema tuwo ne wanda zai zauna a ƙarƙashin ruwa bai narke ba, amma ya yi laushin da ɗan ƙaramin leɓe zai iya kankara. Na haɗa dusar shinkafa da garin waken suya da na gasa don ya rasa ɗacinsa, da garin kifi mai yawa tunda jariri nama yake buƙata ya gina jiki, da yis, da ɗan man kifi, da garin bitamin irin na kaji. Matsalar ita ce abin da zai riƙe su. Na gwada fulawa ta yi danƙo kamar roba, na gwada ƙwai ya ɓata ruwa. A ƙarshe na sayo garin rogo a shagon 'yan Ghana da ke kan titinmu, na dama shi kamar koko, na kwaɓa haɗin da shi. Na shafa a bayan faranti na nutsa a baho, na dawo bayan sallar la'asar na tarar yana nan daram. A gona kuma na samo ragowar tayil na gini, na jera su a ruwa inda rana ke bugu har suka yi kore, na hana kowa wanke bangon tankuna, na zuba ɗan lallausan yashi a ƙasa.

Da sababbin suka zo ban yi gaggawa ba. Na bar musu abincinsu mai rai, na sa tayil masu kore su saba da kiwo a kai. Da na ga sun kama, sai na fara shafa tuwon a kan koren, siriri kamar ana shafa man shanu a burodi, yadda duk wanda ya kankari gansakuka sai ya haɗa da shi. Ina rage mai rai kaɗan, ina ƙara kaurin tuwo kaɗan. Abin da ba su ci ba in ɗauke tayil ɗin gaba ɗaya, ruwa bai ɓaci ba. Kwanakin farko sukan ci gefe-gefe su bar tsakiya. Wasu sun mutu, ba zan ɓoye ba, amma 'yar komata ta daina cika. Sai wata safiya na sa tayil na tafi duba injin iska, na dawo na hango wuri ɗaya a ƙasan tanki ya yi baƙi yana motsi, sun taru a kai kamar ƙudan zuma, wutsiyoyi a sama. Da suka watse na ɗago tayil ɗin, fari fat, kamar an wanke da soso. Na yanka ɗaya, hanjinsa cike da tuwona tun daga sama har ƙasa. Na fita bayan rumfa inda babu kowa, na fuskanci gabas na yi sujada a kan ciyawa mai raɓa. Sannan na kira Malam, na san lokacin hutunsu ne. Ina jin ƙarar motocin ɗaga kaya a bayansa.

“Sun ci,” na ce.

“Alhamdu lillahi,” ya ce. “To ki ƙara musu, kar su huce.”

Sauran kun gan shi da idonku. Da suka girma na rage garin kifi na ƙara dusa, domin babban malet ba ya son abinci mai nauyi, wannan ne ma ya sa kiwonsa ke da sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi. Manoma suka fara zuwa sayen 'ya'yan da aka riga aka yaye, daga baya har da masu zuwa koyon haɗa tuwon. A shekara ta uku gonar ta samu halin yi mana inshora, a satin Malam ya ajiye rigar ɗorawa ya koma wurin yaransa kowace yamma. Amma gwiwoyin ba su dawo ba. An yi masa aiki a ɗaya, ɗayar ya ƙi, kuma a kan kujera ya yi sallah har Allah ya karɓi abinsa. Likita ya ce shekaru da jiki da suga duk suna da hannu. Ni ba zan fake da likita ba, simintin nan ya ci rabonsa, kuma na sani tun ranar da na ga takalman. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ku mayar da mahaifinku wani bawan Allah da mace ta tura. Namiji ne da ya duba abin da yake da shi, ya ga gwiwoyi ne da yammacinsa, ya ɗauka ya ba matarsa. In kun ce ƙwace na yi, kun ƙwace masa kyautar da ta fi kowace girma a rayuwarsa.

Malet ba ya saurin girma. Sai da shekara ta zagayo har ta wuce kafin na farkon da na yaye su isa ci, lokacin yana sito tukuna. Na zaɓo manya na kawo gida, na yi musu banda a baranda da tsohuwar tukunyar gashi, yadda matan Yawuri ke yi, na yi miyar kuka da tuwon shinkafa. Anti Ramatu ta hawo da farantinta tana cewa ita ai tun farko ta san za a yi. Ke Fa'iza kika zauna kika ci tuwo da miya, kika ture kifin gefe, kika ce kina da karatu, kika shige ɗaki. Malam ya bi ki da ido. Ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a kan matashi, ya ɓare kifin da yatsu, ya zare ƙaya, ya tauna a hankali yana kallon silin kamar alƙalin gasa.

“Kulu, in faɗa miki gaskiya?”

“Faɗi, Malam.”

“Bai kai giwan ruwa ba.”

Anti Ramatu ta kusa ƙwarewa don dariya. Ni kuwa na ce ai sai ya bari in ba maƙwabta. Ya riƙe farantin da hannu biyu.

“A'a. Wannan na san abin da ya ci, na san wadda ta ba shi, na kuma san abin da na biya, ban ga an cuce ni ba. Ƙaro min wani.”

Ƙofarki a rufe take, ba ki ji ba. Na ƙaro masa, ya cinye har kai.